Layin Intanet Ɗaya, Kwamfutoci Biyar: Yadda Rauta Ke Raba Shi

Ɗauki rautar gidanku ka juya bayanta. A galibinsu za ka ga ramukan kebul biyar a jere. Huɗu launinsu ɗaya, an rubuta musu LAN da lamba 1 zuwa 4. Na biyar an ware shi gefe, launinsa daban, an rubuta masa WAN. Ta wannan guda ɗin layin kamfanin intanet ke shigowa. Ta sauran huɗun kuma, da ta iskar Wi-Fi, kwamfutocin gida da wayoyi ke shiga. Abin da ke faruwa tsakanin ramin nan guda da 'yan uwansa shi ne duk aikin rauta, kuma wanda ya gane shi zai daina zagin kamfanin intanet a kan rabin laifuffukan da ake ɗora masa.

A fara da raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Modem daban, rauta daban. Modem tafinta ne: yana karɓar abin da ya zo ta wayar tarho, ko kebul ɗin talabijin, ko faiba, ko hasumiyar sadarwa, ya mayar da shi yaren da kwamfuta ke ji. Bai san raba komai ba. Ka jona masa kwamfuta ɗaya, ta samu intanet, shi ke nan. Rauta ce mai rabo. Abin da ya sa ake rikicewa shi ne, yawancin akwatunan da kamfanoni ke bayarwa yanzu sun haɗa ayyukan biyu a jiki ɗaya, har da na uku da na huɗu, wato watsa Wi-Fi da haɗa kebul ɗin cikin gida. Kafin irin waɗannan akwatuna su yawaita, sai an sadaukar da kwamfuta guda ta zama mai rabo. Tun 1999 Windows ya zo da wannan tsari, kuma yana aiki, sai dai fa duk wanda ya kashe wannan kwamfutar ya kashe wa kowa intanet.

To me ya kawo buƙatar mai rabo tun farko? Adireshi. Duk na'urar da ke magana a intanet sai tana da lambar da za a mayar mata da amsa, ita ce ake kira adireshin IP. Tsohon tsarin da har gobe ake amfani da shi, IPv4, adireshi 4,294,967,296 kawai yake iya bayarwa, kusan biliyan 4.3. Lokacin da aka tsara shi wannan adadi ya yi kama da abin da ba zai ƙare ba. Yau mutanen duniya sun haura biliyan 8, wani shi kaɗai yana da waya biyu da laftof. A watan Fabrairun 2011 hukumar IANA, mai riƙe da babban rumbun adireshin, ta raba na ƙarshe da ke hannunta. Shi ya sa kamfanin intanet ba ya yi maka kyautar adireshi biyar don kana da na'ura biyar. Ɗaya zai ba ka, ka san yadda za ka yi.

Masana sun hango wannan ƙarancin tun da wuri. A 1996 aka tabbatar da ware wasu rukunin lambobi don amfanin cikin gida kawai: waɗanda suka fara da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da kuma 192.168 da kowa ya fi sani. Waɗannan lambobi ba sa fita waje, babu hanyar intanet da za ta ɗauke su. Don haka gidanku na iya amfani da 192.168.1.10, maƙwabtanku ma haka, miliyoyin gidaje ma haka, ba tare da an yi karo ba. Kamar lambar ɗaki ce a otal. Kowane otal yana da ɗaki mai lamba 10, amma ba wanda ke aika wasiƙa da "ɗaki na 10" kaɗai a bayan ambulan.

Rauta ce ke rarraba waɗannan lambobi, ta tsarin da ake kira DHCP. Kwamfuta na shigowa sai ta yi shela tana neman adireshi, rauta ta ba ta aron guda na wani lokaci, ta gaya mata ƙofar fita, ta kuma gaya mata inda za ta riƙa tambayar sunayen shafuka. Cikin ƙiftawar ido an gama. Abu ɗaya da ya dace ka riƙe a nan: idan ka duba kwamfutarka ka ga adireshinta ya fara da 169.254, to shelar da ta yi ba wanda ya amsa, ita ta ƙirƙiro wa kanta lamba. Matsalar tana tsakaninta da rauta. Kada ka wahalar da kanka da kiran kamfani.

Yanzu mu zo ga zuciyar al'amarin, abin da ake kira NAT, wanda aka fara bayyana shi a rubuce a 1994. Ni dai nakan ɗauki rauta a matsayin magatakarda a bakin ƙofa, da kundi a gabansa.

A ce kamfani ya ba gidanku adireshi 203.0.113.7. A ciki akwai laftof mai lamba 192.168.1.10 da kwamfutar tebur mai lamba 192.168.1.11. Su biyun suka buɗe shafi ɗaya a lokaci ɗaya. Saƙon intanet ba ya tafiya dunƙule, ana yayyanka shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ɗauke da adireshin mai aikowa da na wanda ake aika wa. Ban da adireshi akwai wata ƙaramar lamba, lambar ƙofa, daga 1 zuwa 65,535, wadda ke bambanta hira da hira a na'ura guda. Shafukan da ke da kariya a ƙofa ta 443 suke sauraro. Laftof ta zaɓi wa kanta ƙofa, a ce 51000, ta aika ƙullinta. Da ya iso gaban magatakarda, sai ya goge 192.168.1.10, ya rubuta 203.0.113.7 a gurbinsa, sannan ya shigar a kundi cewa duk amsar da ta dawo ta ƙofa 51000 ta laftof ce. Sai ga ƙullin kwamfutar tebur, ita ma bisa katari 51000 ta zaɓa. Magatakarda ya ga lambar tana da mai ita, sai ya sauya mata zuwa 51001, ya rubuta. A wajen shafin can, mutum ɗaya ne ya buɗe hira biyu. Amsoshi na dawowa, magatakarda ya duba kundi, ya mayar da adireshin asali, kowa ya karɓi nasa. Hirar da ta yi shiru na wani lokaci kuwa, a goge layinta a ba wani wuri.

Dabara ce ta wucin gadi, an yi ta don a ja lokaci kafin sabon tsari ya kankama. Ga shi ta haura shekara talatin tana aiki.

Wannan kundi yana da wani amfani da ba don shi aka yi shi ba. Idan ƙulli ya zo daga waje ba tare da wani na ciki ya nema ba, magatakarda zai duba bai ga layinsa ba, sai ya yar. Masu laluben kwamfutoci a intanet suna ta ƙwanƙwasa ƙofofi dare da rana, kuma galibin ƙwanƙwasar nan a jikin rauta take ƙarewa. Amma abin da ya hana ɓarawo shiga shi ne ke hana baƙonka shiga. Idan kana son ka duba kyamarar gida daga nesa, ko ka buɗe wasan da abokai za su shigo kwamfutarka, sai ka rubuta wa magatakarda umarni na dindindin cewa duk abin da ya zo ta ƙofa kaza a miƙa wa na'ura kaza. A nan mutane kan manta abu guda: lambar da DHCP ke bayarwa aro ce, gobe tana iya sauyawa, umarnin ya koma nuna wata na'urar. Sai an kafe wa wannan na'ura lamba ɗaya a saitin rauta. Wani lokacin ma ka yi komai daidai abin ya ƙi. Duba adireshin da ke ɓangaren WAN a saitin rauta. Idan yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kamfanin da kansa ya sa ka a bayan nasa magatakardan, kai da gidaje da yawa kuna raba adireshi guda. Wannan ya zama ruwan dare a layukan da ke aiki da sim, kuma ba abin da za ka latsa a rautarka ya warware shi. Sabon tsarin IPv6 ne maganin duk wannan, domin adireshinsa sun isa a ba kowace na'ura nata ba tare da goge-goge ba, sai dai har yau tare yake tafiya da tsohon, bai kore shi ba.

Kalmar "rabawa" ita kanta tana yaudara. Mutane da yawa suna zaton idan layi megabit 40 ne kuma kwamfuta huɗu ce, kowace tana samun 10. Ba haka ba ne. Rauta ba ta yanka layi kashi-kashi. Jeri take sa ƙulle-ƙulle, wanda ya riga zuwa ya riga fita. Idan uku suna zaune shiru, ta huɗun ta kwashe 40 ɗin duka. Idan ɗaya tana karanta labarai, tana taɓa layin ne na sakan ɗaya ko biyu ta saki. Shi ya sa gida mai na'ura goma zai iya zama lafiya a kan ƙaramin layi, gida mai na'ura biyu kuma ya riƙa kuka. Ba yawan bakuna ba ne, wane ne mai haɗama a cikinsu.

(A lura kuma da awo. Kamfani da megabit yake talla, kwamfuta kuwa da megabayit take nuna saurin saukewa, kuma bit takwas ne bayit ɗaya. Layin megabit 40 bai wuce megabayit 5 a sakan ba. Fayil mai gigabayit ɗaya zai ci minti uku da sakan ashirin idan ba wanda ya sa baki. Ba a cuce ka ba, lissafin ke nan.)

Inda gizo ke saƙa shi ne hanyar fita. Yawancin layukan gida, musamman na wayar tarho da na kebul, hanyar saukewa ce mai faɗi, ta ɗorawa kuwa siririya ce. Na daɗe ban ba wannan muhimmanci ba sai da abin ya ci ni. Akwai lokacin da kusan kullum da dare, da na fara kiran bidiyo a laftof, sai murya ta riƙa yankewa, fuskar wanda nake magana da shi ta daskare baki buɗe. Na kira kamfanin har sau uku, suka gwada layi daga wajensu suka ce lafiya lau, ni kuwa na ɗauka ƙarya suke. Wata rana ina zaune ina kallon fitilun rauta, na sa wayata a caji a gefenta. Ko minti ɗaya ba a yi ba fitilar ta fara ƙyaftawa ba ƙaƙƙautawa, kiran ya fara shaƙewa. Na cire cajar, ya warware. Na mayar, ya koma. Ashe wayar an saita ta ne ta riƙa ɗora hotuna da bidiyon ranar zuwa ma'ajiyar intanet da zarar ta samu caji da Wi-Fi. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Ga abin da ke faruwa. Wayar na turo ƙulle-ƙulle da saurin Wi-Fi, hanyar fita kuwa ba ta iya haɗiye su da wannan sauri, sai su taru a ma'ajiyar jira ta modem ko rauta. Masu ƙera na'urori, don gudun a zubar da ƙulli, suka riƙa yin ma'ajiyar da girma. A ce tana ɗaukar megabayit ɗaya, wato megabit 8, hanyar fita kuma megabit 4 ce a sakan. Duk ƙullin da ya shigo bayan ta cika sai ya jira sakan biyu cur. Hoto bai damu da jiran sakan biyu ba. Murya kuwa, jinkiri ya wuce milisakan 150 (milisakan dubu ne sakan ɗaya) an fara jin sa a hira. Har saukewa ma tana shan wahala, domin mai saukewa dole ya riƙa aika 'yan gajerun saƙonnin "na karɓa, ƙaro", su ma a wannan jerin za su tsaya. Wani injiniya mai suna Jim Gettys ne ya bi diddigin matsalar a 2010, a layin gidansa, ya raɗa mata sunan da ke nufin kumburin ma'ajiya. Ƙara sayen layi mai faɗi ba lallai ya magance ta ba. Abin da ke magance ta shi ne rautar da ta iya tsara jeri, saitin da za ka ga an rubuta QoS ko SQM. Sai ka gaya mata saurin layinka, ka rage kamar kashi 10 cikin ɗari. Ka yi asarar ɗan sauri, amma jerin ya dawo hannun rauta, ita kuma ta riƙa shigar da ƙananan ƙulle-ƙulle masu gaggawa tsakanin manya. A ganina wannan saiti ya fi yawan eriya da ake yi wa mutane ado da su a jikin kwali daraja nesa ba kusa ba.

Tunda an zo kan kwali, lambar da ke jikinsa ma sai an yi hattara. Rautar da aka rubuta wa 1200, a zango biyu take watsa Wi-Fi, an haɗa megabit 300 na ɗaya ne da 867 na ɗayan aka cike lissafi. Babu kwamfutar da za ta ga 1200, domin a zango ɗaya take zama a lokaci guda. Zangon gigahaz 2.4 yana zuwa nesa, yana ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa: tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma a nan Bluetooth da murhun maikurowef da rautocin maƙwabta duk suke. Zangon gigahaz 5 ya fi sauri da sarari, amma bango biyu sun isa su karya masa ƙarfi. Sannan iska ba kamar kebul ba ce. A tasha ɗaya, magana bi da bi ake yi. Tsohuwar waya da ke can ƙarshen gida, mai magana a hankali tana maimaitawa, tana cinye lokacin da na kusa za su yi amfani da shi. Sababbin tsare-tsare irin Wi-Fi 6 sun rage wannan, ba su kawar da shi ba. Don haka a ɗora rauta a sama, a tsakiyar gida, a fili. Bayan talabijin da cikin kabad su ne wuraren da aka fi ajiye ta, kuma su ne mafi muni.

Duk abin da ba ya motsi kuwa, kwamfutar tebur ko talabijin ko firinta, a ja masa kebul. Kebul guda yana kai mita 100 ba tare da ya gaji ba, ba ya jiran kowa, kuma ya rage wa iska nauyi. Idan ramuka huɗu sun ƙare, ba wata rautar ake nema ba, ƙaramin akwatin da ake kira suwic ake ƙarawa, ba ya buƙatar saiti. Tarko ɗaya ke nan. A cikin kebul akwai siraran wayoyi takwas. Megabit 100 huɗu kawai yake buƙata, gigabit kuwa, wato megabit 1000, sai takwas ɗin duka. Waya ɗaya ta tsinke, ko kan kebul ɗin bai danne da kyau ba, sau da yawa haɗin ba ya mutuwa, sai ya sauka zuwa 100 shiru. Haka nan akwai rautocin da ramin WAN ɗinsu 100 ne iyakarsa. Idan gwajin sauri kullum yana tsayawa a 94 ko 95 alhali ka sayi fiye da haka, ga inda za ka fara dubawa.

Mutane kan manta cewa raba intanet yana nufin zama ɗaki ɗaya. Duk na'urorin da ke bayan rauta suna ganin juna. Wannan ne ke sa firinta guda ta yi wa kowa aiki, a kuma tura fayil daga laftof zuwa kwamfutar tebur da saurin kebul ba tare da an taɓa layin waje ba. Wannan ne kuma ke sa wayar baƙo mai ɗauke da cuta ta ga kwamfutarka ƙiri-ƙiri, domin magatakarda ƙofar waje yake tsaro, ba ya shiga tsakanin 'yan gida. Yawancin rautoci suna da Wi-Fi na baƙi, wanda ke ba da intanet ya hana leƙen ciki. A kunna shi.

Kalmar sirri biyu ce, kuma ɗaya kawai ake tunawa. Ta farko ta shiga Wi-Fi ce. Tsarin kulle na farko, WEP, tun 2001 aka nuna yadda ake fasa shi. WPA2 na 2004 ko WPA3 na 2018 su ne abin zaɓa. Ta biyu ita ce ta shiga shafin saitin rautar kanta, wanda ake buɗewa da rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 a burauza, yawanci an manna bayanin a takardar da ke ƙarƙashin akwatin. Wanda ya shiga nan ya mallaki kundin, yana iya karkatar da duk gidan zuwa shafukan bogi. A 2016 wata manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci, ba da wata gwaninta ba, jerin sunaye da kalmomin sirri na masana'anta sittin da 'yan kai kawai take gwadawa, aka kuma yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka na sa'o'i. Akwai kuma WPS, wanda aka yi don sauƙaƙa haɗi da lamba takwas. A 2011 aka gano ana tantance lambar ne rabi-rabi, abin da ya mayar da gwaji miliyoyi zuwa kusan dubu 11. A kashe shi, ba a rasa komai ba.

Saura kuskuren da na fi gani a gidajen da aka ce Wi-Fi ba ya kai wa ɗakin baya. Sai a samo rauta ta biyu a jona ta da ta farko. Idan an shigar da kebul ta ramin WAN na ta biyun, an samu magatakarda biyu da kundi biyu: intanet zai yi aiki, amma laftof ɗin da ke wannan ɓangare ba za ta ga firintar da ke wancan ba, umarnin buɗe ƙofa ma sai an yi shi sau biyu. Idan kuma an shigar ta ramin LAN aka bar DHCP ɗinta a kunne, an yi sarki biyu a gari ɗaya. Kwamfuta ta yi shela, wanda ya riga amsawa shi take bi, yau ta dace, gobe a nuna mata ƙofar da ba ta fita. Gyaran ba wuya. A kashe DHCP na ta biyun, a ba ta lamba a cikin rukunin ta farko wadda ba kowa a kanta, a haɗa LAN da LAN. Sababbi ma suna da saiti guda da ke mayar da su masu watsa Wi-Fi kawai.

Ranar farko da za ka ɗaura sabuwar rauta, idan ta ƙi samun intanet, abu biyu ne galibi. Wasu modem suna riƙe na'urar farko da suka gani, sai an cire musu wuta na minti ɗaya an mayar kafin su karɓi sabuwa. Wasu layukan kuma suna neman suna da kalmar sirri daga kamfani, a shigar a gurbin da aka rubuta PPPoE.

Idan kuma abin ya yi aiki amma yana ja, kafin ka ɗaga waya ka yi gwajin da ba ya cin minti biyar. Buɗe tagar umarni a kwamfuta (Command Prompt a Windows), ka rubuta ping da adireshin rautarka, umarni ne da ke auna lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Ta kebul amsa kan dawo cikin milisakan ɗaya ko ƙasa, ta Wi-Fi mai lafiya kuma 'yan kaɗan. Idan ka ga lambobi suna tsalle zuwa ɗari biyu, ko wasu amsoshin suna ɓacewa, saƙon ko bakin ƙofa bai kai ba, matsalar iska ce. Idan wannan ya yi kyau, sai ka yi ping zuwa wani shafi na waje, ka bar shi yana gudu, ka riƙa kashe Wi-Fi na wayoyin gida ɗaya bayan ɗaya kana kallon lambobin. Idan an kashe na ƙarshe, kwamfuta ɗaya tak ta rage a kan kebul, lambobin kuma ba su sauko ba, to yanzu kira kamfanin, ka karanto musu abin da ke kan allonka.